Shuɗin Anko a Fadamar Gishiri

Ni ba na cikin matan da ake ci wa mutunci su ce sun bar wa Allah alhali cikinsu na tafasa. In na bari na bari, in kuwa ban bari ba, ba na yi wa kaina ƙarya. Abin da Hajiya ta yi wa 'yata ban bar shi ba. Na ɗauke shi na adana, ina zuwa aiki ina dawowa, ina gaishe ta a taro har da rusunawa, ina jiran ranar da idonta zai raina fata a gaban matan nan da ta kunyata yarinyar a gabansu.

Hajiya ita ce shugabar ƙungiyarmu ta matan Hausawa mazauna kewayen Washington. Mijinta likita ne, gidansu na Gaithersburg, mu kuma muna Fort Washington kusa da kogi, ina aikin ba da magani a wani kemis. Mace ce mai son a gan ta, kuma ba laifi, tana da abin gani: doguwa, fara, in ta ɗaura gwaggwaro sai ta sunkuya kafin ta shiga mota. Ba a yin suna ko biki ko walima ba ta fitar da anko ba, kuma launin da ta zaɓa shi ne launi. 'Yata kuwa ta fari ce, don haka ba za a ji sunanta a bakina ba. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in aka yi mata magana da Turanci take amsawa, in ban da gaisuwa, wadda ubanta ya tsaya a kai har ta zauna mata daram.

A jami'a a College Park ta haɗu da ɗan Hajiya. Yaro ne mai ladabi, injiniya, ba ni da abin faɗa a kansa sai dai ba ya iya ɗaga ido ya dubi uwarsa. Manya suka shiga maganar, aka kawo goro da alewa, har an fara zancen sa rana. Sai bincike. Kowa na bincike kafin aure, mu ma mun yi namu: ko yana salla, ko yana shaye-shaye, yaya ubansa ke riƙe da iyali. Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta aika Kano aka bi mata unguwa-unguwa ana tono, har aka kai ga kakar mahaifiyata.

Abin da aka gaya mata gaskiya ne, mu ma ba mu taɓa ɓoye shi ba. Tsohuwar baiwa ce. Na riske ta da rai ina ƙarama, ta tsufa tukuf, da tsaga a fuskarta wadda ba irin ta kowa ba ce a unguwarmu. An kamo ta tana yarinya daga wasu duwatsu a kudu. Ba ta tuna sunan garinsu ba, abin da ta riƙe kawai shi ne akwai rafi inda uwarta ke yi mata wanka. Da sana'ar daddawa ta ciyar da 'ya'yanta ta aurar da su. In na yi ɓarna bayanta nake ɓuya, ba mai taɓa ni.

Da Hajiya ta ja ni gefe ta ce an fasa, da na ji ciwo na warke. Ba haka ta yi ba. Wani suna aka yi a Gaithersburg, mata sun cika ɗakin ƙasa, 'yata na zagayawa da faranti tana raba masa, kanta a sunkuye kamar yadda ya dace da yarinya a gaban surukarta. Wata ta tambayi Hajiya yaushe za mu sha biki. Hajiya ta ajiye cokali, ta ɗaga murya yadda ta ƙarshen ɗaki za ta ji.

"Wane biki? Ai mun yi bincike. Mu gidanmu ba ma auren 'ya'yan bayi."

Mata kusan duk na san gidajensu, na je haihuwarsu, na zauna makokinsu, amma kowace ta duƙar da kai tana kallon miyarta. Mutum ɗaya ce ta yi magana, Inna, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke zaune wurin ɗanta, ta ce wa Hajiya ta ji tsoron Allah, wannan ba maganar taro ba ce. Na miƙe zan yi abin da za a daɗe ana labari, sai 'yata ta dube ni ta girgiza kai. Na koma na zauna. Ta ci gaba da rabon masarta har ta kai kan Hajiya, ta zuba mata, farantin ya ƙare, sannan ta fita ta zauna a mota.

Tun daga ranar ta daina zuwa duk inda Hausawa ke taruwa. In baƙi suka zo gida sai ta haye sama. Gaisuwar ma da ubanta ya sha wuya a kanta ta daina, sai dai ta ɗaga hannu. Ta rame. Yaron ya yi ta kira har ya gaji, bayan wani lokaci aka kawo masa mata daga Abuja, muka sa anko ruwan zuma muka je. Mai gidana ya ce in fita daga ƙungiyar, mu bar wa Allah. Na ce in na fita wa zai ga ranar? Na ci gaba da zuwa taro, ban taɓa fashi ba.

Karatun 'yata na harkar ruwa da tsirrai ne, kuma a wannan tsakanin ta fara zuwa wani gandun tsuntsaye da ke can ƙetaren babbar gada, a gaɓar gabas, tana taya ma'aikatan wurin aiki ranakun hutu. Daga baya suka ɗauke ta mai zagayawa da baƙi. Sai ta dawo da laka har gwiwa, motarta na wari, amma ta ci abinci da yawa, don haka ban hana ta ba. Wata Asabar da kaka, sanyi ya fara shigowa, ta ce in zo in ga inda take zuwa.

Da muka sauka daga mota abin da ya fara tarbata wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce mata yanzu duk wuraren da ke ƙasar nan wannan kika zaɓa? Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Fadama ce, amma ba irin tamu ta rake da albasa ba. Ciyawa ce iyakar ganinka, ta yi ruwan gwal, ƙoramu sun ratsa ta suna lanƙwasa, ruwan kuma na gishiri ne, teku ke turo shi ya cika ya janye kullum. Mun iske ya janye. Laka ta fito baƙa ƙirin tana sheƙi, ƙananan ƙaguwa sun rufe ta, kowane namiji da hannu ɗaya ƙato yana ɗaga shi sama yana yaƙato mata. Na ce ashe a nan ma maza ba su da aiki sai nuna abin da suke da shi.

Gadar katako aka shimfiɗa a kan ciyawar, muka bi ta. Ta nuna mini zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da farare masu kama da balbela amma sun fi ta tsawon wuya, da wani shaho da ba ya cin komai sai kifi, ya tara itace a kan turke ya yi sheƙa kamar ta shamuwa. Ga ɗakunan wani ɓeran ruwa mai girman gafiya, ya tula ciyawa da laka, ta ce mutanen yankin sun daɗe suna ɗana masa tarko don fatarsa, namansa ma suna ci. Akwai wani ɗan tsuntsu da ta fi ƙauna, bai fi gwara ba, wanda ke sheƙa a cikin ciyawa dab da ruwa. Dole 'ya'yansa su iya hawa kara kafin babbar cika ta gaba, in ba haka ba ruwa ya cinye su. Ta ce yanzu ruwan na ƙara hawa, lokacin na ƙure masa.

Can gaba muka tarar da daji na matattun bishiyoyi, a tsaye, farare fat, ba ganye ba ɓawo. Ta ce da nan tudu ne, gishiri ne ya shigo ta ƙasa ya kashe su. Kafin bishiyoyin kuma gonaki ne, bayi ke noma su. Da yawansu ta cikin fadamar nan suka gudu, don mai doki ba ya iya bin su ciki. Da aka 'yanta su wasu suka kafa ɗan ƙauye a kan wani tsibiri na tudu, da cocinsu da makarantarsu, suna kamun kifi da ƙaguwa. Ruwa ya kore su daga baya. Abin da ya rage kaburbura ne, gadar katakon ta bi ta gefensu, murafunsu na siminti sun karkace, ruwa na lasar gindinsu. Ta tsaya a nan ta daɗe tana kallonsu. Na gane a nan take zuwa.

A hanyar komawa na ga wasu baƙaƙen akwatuna a kan dogayen ƙafafu, jere a bakin ciyawa, na tambaye ta ko amya ce. Ta ce tarkon ƙuda ne. Akwai wani ƙuda mai koren kai, ɗan'uwan bobuwar da ke addabar shanu a gida, da ke ƙyanƙyashewa a lakar fadamar a tsakiyar zafi. Ba tsotsa yake kamar sauro ba, yanka fata yake ya lashi jini. Maganin sauro bai cika damunsa ba. Abu mai duhu yake bi, baƙi ko shuɗi, musamman mai motsi, shi ya sa ake fentin tarkon haka, ya ɗauka dabba ce. Ƙamshi da gumi ma suna jawo shi. Ta ce a watan Yuli, ranar da iska ta kwanta, ma'aikata ba sa fita sai da fararen kaya masu kauri. Wallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba. Na dai ɗauki hotuna, na sa su a zauren ƙungiya na waya, mata suka yi ta yabawa.

Kowace shekara ƙungiya na fita shan iska da bazara, mata zalla, a yi anko a ɗauki hotuna a aika gida. Da aka zo taron zaɓen wuri, sai Hajiya ta ce akwai wani gandu da ta gano, mai ciyawa da fararen tsuntsaye, ba wanda ya taɓa zuwa. Hotunana ne a wayarta take nunawa. Ta ce a Yuli za a je, don ƙanwarta za ta zo daga Abuja a lokacin. Ina zaune sai ƙudan nan mai koren kai ya faɗo mini a rai, kamar an buɗe taga.

Na san halin Hajiya. Tun ranar sunan nan, duk abin da na faɗa a taro sai ta juya shi, ko da na ce ruwa na jiƙa. Don haka da aka zo kan anko na ɗaga hannu, na faɗi gaskiya tsantsa. Na ce na san wurin, a bari sai kaka, in kuma dole sai Yuli to a yi fari mai kauri, saboda ƙuda. Ta yi mini kallon hadarin kaji.

"Fari? Makka za mu ko makabarta? Shuɗi za a yi, mai duhu, shi zai fito a cikin koren ciyawa. Kuma boyel marar nauyi, saboda zafi. Ƙuda kuma, wa ya girma a Najeriya bai san ƙuda ba?"

Mata suka yi dariya, har da waɗanda suka kalli miyarsu rannan. Na ce to, Hajiya, yadda kika ce. Daga baya na ji ma'aikatan gandun ma sun gaya mata a waya a sa fararen kaya, ta ce Bature bai san anko ba. Aka aika Kano aka yanko yadi, shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marina, shara-shara, kana ganin hannunka ta ciki. Ban ƙara cewa uffan ba. Na kai nawa wurin tela kafin kowa.

Mutum biyu kawai na damu da su. Na je Gaithersburg wurin Inna da doguwar farar hijabi da safa mai kauri, na ce mata tsofaffi ba a tilasta musu anko, kuma in mun isa ta zauna a ɗakin baƙi inda akwai sanyi, ƙafarta ba za ta iya gadar ba. Ta juya hijabin ta dube ni ta ce ke dai akwai abin da kika ƙulla. Na ce Inna, ai kin ji da kunnenki na ce a yi fari. Ta yi murmushi ta ninke abinta. Ita kuma 'yata na ce mata ranar kaza matan nan za su zo wurin aikinki, ki ɗauki hutu, ba na so ki gan su. Ta tambaye ni wane launi ne ankon. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ni dole in sa ankon, don ƙin sa shi fita ne daga ƙungiya, kuma ba zan yarda a ba ni labari ba. Na sa wandon jins a ƙarƙashin zane, da safa biyu, da riga mai dogon hannu a ciki, ban shafa ko ɗigon turare ba. Tun kafin mu hau bas gumi ya jiƙa ni. Cikin bas ɗin kuwa humra da turaren wuta kamar ɗakin amarya, na Hajiya ya fi na kowa, ta yi wanka da shi saboda ƙanwarta. Gwaggwaronta na gogar rufin mota. Aka yi ta waƙa da guɗa har muka haye gada. Da muka sauka na dubi tutar da ke gaban ofis, tana rataye ko motsi ba ta yi. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata.

Mai zagayawa da mu ta fito daga ofis, da farin wando da farar riga mai dogon hannu, da malafa a kan farin mayafi. 'Yata ce. Ta zo gaban Hajiya ta durƙusa ta gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, Hajiya ta amsa da hanci tana gyara gilashi. Sannan 'yata ta miƙe ta yi bayani da Turanci, ta ce akwai ƙuda sosai yau, kuma akwai fararen riguna da ragar fuska a ofis, duk mai so ta ara. Na ga wasu sun fara kallon ƙofar. Hajiya ta ce hoto muka zo ɗauka, ba kwasar shara ba. Ba wadda ta motsa. Inna ta shige ɗakin baƙi da farar hijabinta, ta sami kujera kusa da taga.

Farkon tafiyar ba laifi. Ciyawar ta yi kore shar, ruwa ya cika, fararen tsuntsaye na tashi, kuma gaskiyar Hajiya, shuɗin ya fito. Aka jeru aka ɗauki hoto, aka sake jeruwa. Muka wuce baƙaƙen akwatunan nan, na leƙa na ga sun cika suna ƙugi. Mun yi nisa da ofis sosai, ba inuwa ba mafaka, sai ƙanwar Hajiya ta daka tsalle ta dafe idon sawunta. Da ta ɗaga hannu akwai jini.

Daga nan ban san ta inda suka fito ba. Manya ne, da kawunansu kore mai sheƙi, ba sa gudu in an kore su, sai su zagayo su sauka a wani wurin. Boyel bai hana su komai ba. Mata suka fara kaɗa mayafai, kuma kaɗawar ce ke ƙara kiran wasu. Wata ta fesa maganin sauro har ya ƙare, wata ta tuɓe takalmi tana dukan ƙafarta da shi, wata na salati tana juyi a wuri ɗaya. Hajiya ta fi kowa yadi, ta fi kowa ƙamshi, ta fi kowa tsawo, don haka ita suka yi wa sarauta. Suka shiga ƙarƙashin zanenta, suka bi wuyanta, suka sami bayan kunnenta. Ta kai hannu ta doke ɗaya, gwaggwaron ya tuntsure ya faɗa ƙorama, ruwa ya tafi da shi a hankali. Ashe kan a tsefe yake, rabi furfura. Wadda ke ɗaukar hoto ta manta ba ta kashe wayar ba.

Ni ma sun same ni, a wuyan hannu da gefen wuya, kuma cizon kamar an ɗora maka garwashi. Ban taɓa jin ciwon da ya yi mini daɗi irin wannan ba. Ina tsaye kusa da Hajiya sai na ga wani ƙato ya sauka a kumatunta ya kafa kai. Na ce tsaya Hajiya, kar ki motsa. Ta tsaya. Na ware hannuna tun daga kafaɗa, na tara duk abin da na adana tun ranar sunan, na sauke mata shi. Ƙarar ta sa tsuntsaye sun tashi. Ƙudan ya mutu, wannan ba shakka. Ta dafe kumatu, ido ya kawo ruwa, ta dube ni, ta dubi gawar ƙudan a tafin hannuna da na miƙa mata, sannan a gaban kowa ta ce na gode.

Na ɗauka an gama, na sami abin da na zo nema. Mata suka ce a koma. 'Yata ta ce akwai rumfa mai raga a gaba, ta fi ofis kusa, kuma gaskiya ta faɗa. Ta wuce gaba ba sauri, muka bi ta muna soshe-soshe, muka ratsa matattun bishiyoyin nan. Da muka zo kaburburan sai ta tsaya a tsakiyar gadar, inda ba mai iya wuce ta. Ga rumfar can muna hango ta. Ta cire malafarta. Da Hausa ta yi magana, Hausarta mai karyayyen harshe wadda ban taɓa jin ta yi a gaban mutane ba, a hankali, tana neman kowace kalma.

"Waɗannan mutane bayi ne, da 'ya'yan bayi. Wasu iyayensu ta cikin ruwan nan suka gudu. Ba gada. Ba takalmi. Ƙudan nan yana cin su kwana da kwanaki, ba su yi kuka ba, don kada a ji su a kama su."

Har dukan ƙafa aka daina. Ta juya ta dubi Hajiya ido cikin ido.

"Hajiya, kin ce ni 'yar bayi ce. Haka ne. Ke ko awa ɗaya ba ki yi ba."

Ta mayar da malafarta, ta je ta buɗe ƙofar rumfar ta riƙe, mata suka shige ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo gabanta sai ta sunkuyar da kai. Hajiya ce ta ƙarshe, ba ɗankwali, fuska a kumbure, shatin yatsuna a kumatu. Sai da ta raɓa ta gefen yarinyar kafin ta shiga. 'Yata ta ciro man shafawa daga jakarta ta zagaya tana matsa wa kowa a tafin hannu, har ta kai kan Hajiya, ta matsa mata.

A bas ba waƙa. Hotunan ba a aika gida ba, amma ɗan bidiyon gwaggwaron a cikin ƙorama ya zagaya har Kano, kuma ba ni na tura shi ba, ko da yake na kalle shi fiye da yadda ya kamata babbar mace ta yi. Hajiya ba ta ba mu haƙuri ba har yau, ni ma ban nema ba. Har yanzu ita ce shugaba. Sai dai in aka zo maganar anko takan ce a ji ra'ayin jama'a, kuma in na yi magana ba ta ɗaga kai.

Ranar da muka je gandun, da yamma 'yata ta dawo gida ta iske ni a kicin na tuɓe safa ina susa. Ta jawo kujera ta kama hannuna tana shafa mini magani a wuraren cizon. Na ce ba na ce ki ɗauki hutu ba? Ta ce ranar ma ba tata ba ce, musaya ta yi da wata abokiyar aikinta, tun ranar da na gaya mata launin. Da Hausa ta faɗa, kuma ba ta koma Turanci ba. Ta gama da wuyan hannun ta koma wuyana.

"Mama, yaya sunan kakar nan tamu?"

Na gaya mata sunan da aka sa mata a gidan da aka sayar da ita, don wanda uwarta ta raɗa mata ba wanda ya san shi. Ta maimaita, na gyara mata, ta sake maimaitawa har ya zauna a bakinta. Sannan ta tambaye ni ko akwai suna ko biki a wannan watan, tana so ta raka ni.